Me ya sa alƙalin Garwa ba ya iya soke dokar majalisa?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin makaranta a Garwa. Ya ce kullum suna ji a rediyo kotu a Najeriya ta soke sashen wata doka don ya saɓa wa kundin tsarin mulki, amma shi a nan Kamaru wani lauya ya gaya masa ko doka ta saɓa wa tsarin mulki ƙarara, alƙali ba zai taɓa ta ba. Yana son ya sani ko gaskiya ne, kuma in haka ne wa ke taka wa majalisa birki, ina kuma talaka zai kai kukansa.

Malam, lauyan bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya ba ka. Alƙalin kotun farko a Garwa, da na kotun ɗaukaka ƙara a Marwa ko Ngaundere, har da na Kotun Ƙoli a Yawunde, babu wanda yake da ikon ya ce dokar da majalisa ta zartar, shugaban ƙasa ya sa mata hannu, ta ɓaci don ta ci karo da tsarin mulki. Wannan aiki an keɓe shi ga hukuma guda, ita kuma ba kowa ke iya ƙwanƙwasa ƙofarta ba. Rabin da bai gaya maka ba shi ne yawancin abin da ke cutar mutane a kasuwa da ofis ba dokar majalisa ba ce, takardar wani jami'i ce, ita kuwa kotu tana iya soke ta.

Abin da kake ji daga Najeriya yana da tushe a rubuce. Sashe na 1(3) na tsarin mulkinsu na 1999 ya ce duk dokar da ta saɓa masa ta ɓaci gwargwadon saɓanin, sashe na 4(8) kuma ya sa aikin majalisa ƙarƙashin duban kotuna, ya hana ta yin dokar da za ta ƙwace wa kotu hurumi. Hanya ce da Amurka ta fara bi tun 1803 a shari'ar Marbury da Madison, inda alƙalin alƙalai John Marshall ya kafa hujja cewa in doka biyu suka yi karo a gaban alƙali dole ya bi babbar, babbar kuwa ita ce tsarin mulki.

Mu gadon Faransa muka ci a wannan fanni, kuma Faransawa sun fito ne daga wani tarihi dabam. Kafin juyin juya halin 1789 manyan kotunansu sun sha toshe gyare-gyare don kare gatan masu gata, shi ya sa dokar 16 zuwa 24 ga Agustan 1790 ta haramta wa alƙalai tsoma baki a aikin majalisa ko dakatar da dokarta. Tun 1748 masanin Faransa Montesquieu ya siffanta alƙali da bakin da ke furta kalmomin doka. Kundin dokokin farar hula da ake aiki da shi a yankunanmu masu amfani da Faransanci yana ɗauke da wannan ruhi: aya ta 5 ta hana alƙali yanke hukuncin da zai zama doka a kan kowa, aya ta 4 kuma ta hana shi ƙin yin hukunci da hujjar wai doka ta yi shiru ko ba ta fito fili ba. Kada a raina tunanin da ke bayan wannan. Ɗan majalisa jama'a suka zaɓe shi kuma suna iya kayar da shi, alƙali naɗa shi aka yi. Mutum uku a ɗaki su rushe abin da wakilan ƙasa suka amince da shi ba ƙaramin iko ba ne, kuma wajibi ne a tambayi wa ya ba su shi.

Tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairun 1996 ya ɗauki hanyar tsakiya, wadda masanin shari'a Hans Kelsen ya fara tsarawa a Ostiriya a 1920: a kafa hukuma ta musamman da za ta auna doka da tsarin mulki. A takarda sunanta Majalisar Tsarin Mulki, kuma ba ta cikin jerin kotunan da aya ta 37 ta ambata, amma zan kira ta Kotun Tsarin Mulki kamar yadda gidajen rediyo suka saba. Aya ta 47 ita ce zuciyar maganar, kuma abu biyu za ka riƙe a cikinta: wa ke kai ƙara, da kuma yaushe.

Masu kai ƙara su ne shugaban ƙasa, shugaban majalisar dokoki, shugaban majalisar dattawa, kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar dokoki, ko kashi ɗaya cikin uku na sanatoci. Shugabannin majalisun yankuna ma suna iya zuwa idan abin ya taɓa muradun yankinsu, ko da yake waɗannan majalisu sai a Disamban 2020 aka fara zaɓensu. Ba lauya a jerin, ba ƙungiya, ba alƙali, ba ɗan ƙasa. Lokacin kuwa shi ne kafin a sa wa dokar hannu. Aya ta 31 ta ba shugaban ƙasa kwana 15 ya sa hannu bayan an miƙa masa dokar. In an kai ƙara a cikin wannan tazara sai lissafin kwanakin ya tsaya, kotun ta yanke hukunci cikin kwana 15, ko kwana 8 in shugaban ƙasa ya nemi a gaggauta. Hukuncinta ba a ɗaukaka shi, kuma ya hau kan kowa: gwamnati, soja, kotuna da ɗaiɗaikun mutane. Ayar da ta ce ta saɓa ba za a sa mata hannu ba, ba za a yi aiki da ita ba. Amma da zarar an sa hannu an buga a jaridar gwamnati, ƙofa ta rufe.

Yanzu yi lissafi. Kujerun majalisar dokoki 180 ne, kashi ɗaya cikin uku 60 ke nan. A zaɓen 2013 jam'iyyar RDPC mai mulki ta sami 148, saura 32 ga duk sauran jam'iyyu. A zaɓen 2020 ta sami 152, saura 28. A majalisar dattawa mai kujeru 100, shugaban ƙasa ke naɗa 30, kuma a 2023 RDPC ta lashe dukkan 70 ɗin da ake zaɓa. Ma'ana ko 'yan adawa duk sun haɗa kai, har da waɗanda ke ƙawance da gwamnati, ba za su kai rabin adadin da ake bukata ba a majalisar 2020. Waɗanda suke da mabuɗin su ne waɗanda suka kawo dokar suka kuma zartar da ita. A Faransa, inda aka kwaikwayo tsarin, tun 1974 'yan majalisa 60 sun isa, alhali majalisarsu ta yanzu tana da kujeru 577. Adadin ɗaya ne, nauyinsa ya sha bamban.

Mutanen Arewa Mai Nisa sun ga abin da wannan ke nufi a aikace. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamban 2014 ta zo lokacin da Boko Haram ke kai hare-hare a Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Logon da Shari, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙasa ba ta bukatar kare kanta. Amma dokar ta miƙa shari'ar fararen hula ga kotun soja, ta sa wa'adin tsarewa a hannun masu bincike ya zama kwana 15 da ake iya sabuntawa ba tare da an faɗi sau nawa ba, ta kuma yi wa ta'addanci ma'ana mai faɗi ƙwarai. Waɗannan tambayoyi ne na tsarin mulki tsantsa, irin waɗanda ya kamata a auna da natsuwa. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, kotun soja a Yawunde ta ɗaure shi shekara 10 a Afrilun 2017, a ɗaukaka ƙara aka mayar da hukuncin wata 24, ya fito a Disamban 2017. Lauyan da ke kare mutum a irin wannan shari'a yana iya yin gardama a kan hujjoji da shaidu da yadda aka bi ƙa'ida, amma ba shi da hanyar da zai tura dokar kanta zuwa Kotun Tsarin Mulki.

Ita kotun ma sai da ta shekara 22 a takarda. An rubuta ta a 1996, aka yi dokar tsara aikinta a 2004, amma sai ranar 7 ga Fabrairun 2018 aka naɗa mambobinta ƙarƙashin Clément Atangana; kafin nan Kotun Ƙoli ce ke riƙe mata aiki. Mambobin 11 ne: uku zaɓin shugaban ƙasa, har da shugaban kotun, uku na shugaban majalisar dokoki, uku na shugaban majalisar dattawa, biyu na majalisar ƙoli ta alƙalai, wadda shugaban ƙasa ke shugabanta. Da farko wa'adinsu shekara 9 ne ba sabuntawa. Gyaran 14 ga Afrilun 2008, wanda ya cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, ya mayar da shi shekara 6 da ake iya sabuntawa. Wannan canji na wa'adin mambobin kotun bai ja hankali ba a lokacin, amma a ganina ɓarnarsa babba ce, don alƙalin da ke fatan a sake naɗa shi yana da dalilin duban fuskar mai naɗin. Jama'a sun fi sanin kotun ta wajen ƙarar zaɓe, kamar zaman Oktoban 2018 da aka nuna kai tsaye a talbijin, kuma a can ɗan takara ko jam'iyya na iya zuwa da kansu, cikin awa 72 da rufe rumfunan zaɓen shugaban ƙasa.

To ina talaka zai nufa? Matakin farko, kafin a biya lauya ko sisi, a nemo takardar da ake cewa ita ta ba da ikon abin da aka yi maka, a duba kanta. Dokar majalisa tana farawa da jimlar da ke cewa majalisa ta tattauna ta amince, shugaban ƙasa ya zartar. Dekire da arete da sauran shawarwarin jami'ai kuwa za ka ga layuka a jere a sama, kowane yana farawa da ƙaramar kalmar "Vu", suna lissafa dokokin da jami'in ya dogara da su, a ƙasa kuma sa hannun minista ko gwamna ko prefe ko sufurefe ko magajin gari da hatiminsa. In irin ta biyu ce, kana da kotu. Dokoki hawa-hawa ne: tsarin mulki a sama, yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, dokar majalisa, dekire, sannan arete, kuma na ƙasa ba ya saɓa wa na sama.

Dokar 29 ga Disamban 2006 ta tsara kotunan ƙarar hukuma, kowane yanki da tasa, don haka ba sai an tafi Yawunde ba. Akwai a Garwa da Marwa da Ngaundere. Dalilai huɗu ake soke takardar jami'i da su: bai bi ƙa'idar da aka shimfiɗa ba wajen fitar da ita, ba huruminsa ba ne, ta saɓa wa wata doka da ke sama da ita, ko ya yi amfani da ikonsa don wata manufa da ba ita aka ba shi ikon dominta ba, kamar magajin garin da ya ƙwace rumfar ɗan kasuwa da sunan tsafta alhali ɗan'uwansa yake so ya ba.

A nan ne mutane suka fi faɗuwa, kuma ba don ba su da gaskiya ba, don wa'adi. Ba a shiga kotun kai tsaye. Sai ka fara rubuta koke ga jami'in da ya fitar da takardar, ko wanda doka ta ba wakilcin hukumar, kana neman ya janye ta. Lauyoyi na kiran wannan rekur garasiye. Wata 3 gare ka daga ranar da aka buga takardar ko aka sanar da kai. In diyya kake nema, wata 6 daga aukuwar ɓarnar ko saninta. In ya amsa ya ƙi, ko ya yi shiru har wata 3, to ya ƙi ke nan a idon doka, kuma daga nan kwana 60 ne kawai gare ka ka shigar da ƙara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bi ta baki. Mutum ya je ya ga sufurefe tare da dattawan unguwa, a ce masa ya yi haƙuri ana dubawa, ya koma gida yana jira, wata uku su shige. Zuwa da dattawa ba laifi ba ne, amma a tafi da takarda. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a adana shi kamar takardar fili. In sun ƙi bugawa, a aika ta hannun wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, shi takardarsa hujja ce. Kuskure na biyu shi ne aika koken ga wanda ba shi ba: a rubuta wa gwamna a kan abin da magajin gari ya sa wa hannu. Na uku, a nemi abu ɗaya a koken, a je kotu a nemi wani. Abin da ba ka nema a koken farko ba alƙali ba zai saurare shi ba, don haka in kana son sokewa da diyya, rubuta duka biyun tun farko. Sannan shigar da ƙara ba ya tsayar da aiwatarwa. In rushe gini ne ko rufe shago, sai an shigar da wata buƙata dabam ta neman a dakatar, kuma kotu ba ta bayarwa idan abin ya shafi tsaro ko zaman lafiyar jama'a. Rigimar haraji tana da nata matakai da wa'adi, kada a auna ta da waɗannan.

Akwai wani shinge da ya kamata ka sani tun kafin ka sa rai. Idan arete ko dekire bai yi komai ba illa aiwatar da abin da dokar majalisa ta ce, alƙali ba zai soke shi da hujjar ya saɓa wa tsarin mulki ba, domin yin haka tamkar hukunta dokar ce ta bayan gida. Masana na cewa dokar ta yi shamaki tsakanin takardar da tsarin mulki, ƙa'idar da kotun ƙarar hukuma ta Faransa ta kafa a shari'ar Arrighi a 1936. Saboda haka gwanin lauya ba ya fara da cewa an taka tsarin mulki. Yana fara nuna cewa jami'in ya wuce abin da dokar ta ba shi.

Ƙofa ta biyu ita ce aya ta 45, kuma ita aka fi sakaci da ita. Ta ce yarjejeniyar da ƙasa ta amince da ita aka buga tana sama da dokar majalisa. Kamaru ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa a 1984, tana kuma cikin yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi. Mafi yawan haƙƙoƙin da ke cikin tsarin mulki suna cikin waɗannan: shari'ar adalci, 'yancin faɗin albarkacin baki, hana tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Alƙalin da ba shi da ikon auna doka da tsarin mulki yana da hujjar auna ta da yarjejeniya, ya ajiye ta gefe a shari'ar da ke gabansa. Bai soke ta ba, tana nan a littafi, amma ba ta hau kanka ba. Kotunan Faransa ta nan suka bi, kotun ƙolinsu ta shari'un farar hula a 1975, ta ƙarar hukuma a 1989. Alƙalanmu suna ɗari-ɗari da wannan hanya, musamman a shari'ar da ke da warin siyasa, amma ba za su bi ta ba in ba a shimfiɗa musu ita a rubuce ba: lambar ayar yarjejeniyar, shaidar ƙasa ta amince da ita, da ainihin inda dokar ta ci karo da ita. A harkar kasuwanci abin ya fi sauƙi. Aya ta 10 ta yarjejeniyar 1993 da ta kafa OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta ce dokokinta na bai ɗaya suna aiki kai tsaye ko da dokar cikin gida, ta da ko ta bayan nan, ta faɗi akasin haka, kuma maganar ƙarshe tana hannun kotunta da ke Abijan. Ɗan kasuwar Garwa da na Njamena duk wannan ya shafe su. A nan mun fi Najeriya sauƙi, don su sashe na 12 ya ce yarjejeniya ba ta aiki sai majalisa ta mayar da ita doka.

Sai fassara. Aya ta 65 ta ce gabatarwar tsarin mulki ɓangare ce daga cikinsa, a ciki kuwa aka rubuta cewa wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, doka ba ta komawa baya, kuma ba a tilasta wa kowa abin da doka ba ta umarta ba. In ayar doka tana ɗaukar ma'ana biyu, alƙali na iya zaɓar wadda ta dace da waɗannan ba tare da ya fita huruminsa ba. Game da tsarewa kuwa, kundin shari'ar laifuka na 2005, wanda ya fara aiki a Janairun 2007, ya sa wa'adin tsarewa a ofishin 'yan sanda ko jandarma awa 48 da ake sabuntawa sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Aya ta 584 ta ba wanda aka tsare ba bisa doka ba, ko wani a madadinsa, damar neman shugaban babbar kotun wurin ya ba da umarnin sakinsa nan take, kuma wannan ya haɗa da tsarewar da prefe ko gwamna ya yi. In an ƙure hanyoyin cikin gida akwai hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a Banjul da kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ba marubuci Albert Mukong gaskiya a kan Kamaru a 1994. Kotun ECOWAS da kake ji ba tamu ba ce, ba mu cikin ƙungiyar.

Ka tambayi wa ke taka wa majalisa birki. Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ɓangaren zartarwa, fiye da kotu nesa ba kusa ba. Aya ta 26 ta lissafa fannonin da majalisa ke yi wa doka, kamar haƙƙoƙin ɗan ƙasa, laifuka da hukuncinsu, haraji, mallakar ƙasa da tsarin kotuna. Aya ta 27 ta bar duk abin da ya rage ga dekire. Aya ta 28 ta ba majalisa damar ba shugaban ƙasa aron ikonta na wani lokaci. Aya ta 18 ta hana karɓar ƙudurin ɗan majalisa in zai rage kuɗin shiga ko ya ƙara kashewa ba tare da ya nuna inda za a cike ba, kuma da wuya ka sami ƙuduri mai amfani da ba ya cin kuɗi. Majalisar tana zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kowane zama bai wuce kwana 30 ba, kuma ƙudurorin gwamnati ke gaba a jadawali. A ɗaya gefen, aya ta 37 da ta ce alƙali ba ya bin komai sai doka da lamirinsa ita ce kuma ta ce shugaban ƙasa ke naɗa alƙalai. Alƙalin da ya san ana iya ɗauke shi daga Garwa zuwa wani lungu a zaman majalisar alƙalai na gaba yana karanta fayil da wannan a ransa.

Majalisa kuma tana da nata makamai a kan kotu. Tana iya canza doka bayan hukuncin da bai yi mata daɗi ba, wannan haƙƙinta ne, muddin ba ta taɓa hukuncin da ya riga ya zama na ƙarshe ba. Tana iya yin dokar afuwa. Mafi nauyi, tana iya ƙwace wa kotu hurumi gaba ɗaya, kuma misalin yana ƙofar gidanmu: dokar 27 ga Nuwamban 1980 ta cire hannun kotuna daga rigingimun naɗin sarakunan gargajiya. Wanda yake ganin an zalunce shi a naɗin lamiɗo ko lawan ko jauro, hukumar da ta yi naɗin zai koma wa. Dokar 2006 ta kotunan ƙarar hukuma ma ta ce babu kotun da ke duba abin da ake kira ayyukan mulki, irin su hulɗa da ƙasashen waje da alaƙar gwamnati da majalisa. Irin dokar 1980 ita ce ainihin abin da sashe na 4(8) na Najeriya ya haramta wa majalisarsu.

Da ka haye gada daga Kuseri zuwa Njamena za ka tarar da wata ƙofa da mu ba mu da ita. Tsarin mulkin Chadi na 1996 ya ba kowane ɗan ƙasa damar ya ce wa alƙalin da ke shari'arsa dokar da za a yi masa hukunci da ita ta saɓa wa tsarin mulki. Alƙalin ya dakata, ya aika tambayar ga Kotun Tsarin Mulki, ita kuma ta amsa cikin kwana 45. Ita kotun tasu ta sha juyi: tsarin mulkin 4 ga Mayun 2018 ya rushe ta ya mayar da ita sashe a Kotun Ƙoli, na Disamban 2023 ya dawo da ita. Benin ta fi kowa buɗe ƙofa, don tun 1990 ɗan ƙasa na iya rubuta wa kotun kai tsaye ko ba shi da shari'a. Faransa kanta, uwar tsarin namu, ta gyara a 2008, kuma tun 1 ga Maris 2010 mai shari'a na iya tayar da wannan tambaya a kan dokar da ta daɗe tana aiki.

Buɗe ƙofa kaɗai ba ya wadatarwa, Nijar shaida ce. A 2009 kotun tsarin mulkinsu ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce ƙuri'ar raba gardamar tazarcen Shugaba Tandja ba ta halatta ba. Ya rushe majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun a ƙarshen Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, soja suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. A Benin kuwa a 2006 'yan majalisa sun gyara tsarin mulki don ƙara wa kansu wa'adi daga shekara 4 zuwa 5, kotun ta soke gyaran, aka bi. A Senegal a Fabrairun 2024 kotun ta soke dokar ɗage zaɓen shugaban ƙasa, aka yi zaɓen a Maris. Hukuncin Benin ya tayar da tambaya mafi wuya a wannan fanni, wato ko kotu na iya soke gyaran tsarin mulki kansa. Kotun Ƙolin Indiya ta ce e a 1973, muddin gyaran ya taɓa ginshiƙan tsarin. Namu aya ta 64 ta hana gyaran da zai taɓa tsarin jamhuriya, haɗin kan ƙasa da iyakokinta, da ƙa'idojin dimokuraɗiyya, amma kalma ta ƙarshe tana da faɗi, kuma masu ikon neman a fassara ta su ne dai mutanen aya ta 47.

Ni ba na goyon bayan a ba kowane alƙalin kotun farko ikon soke doka. A ƙasa mai tsarin shari'a biyu, na Faransa a yankuna takwas da na Ingila a biyu, hakan zai haifar da hukunce-hukunce masu karo da juna, doka ta yi aiki a Bamenda ta mutu a Marwa. Ba na kuma son alƙalai su koma tsara kasafin kuɗi ko farashin taki. Wannan aikin waɗanda aka zaɓa ne. Abin da nake gani ya wajaba shi ne hanyar da Chadi ta rubuta a 1996: mai shari'a ya tayar da tambaya, Kotun Ƙoli ta tace don kada a mayar da ita dabarar jan lokaci, Kotun Tsarin Mulki ta amsa cikin wa'adi ƙayyadadde. A rage adadin 'yan majalisar da ke iya kai ƙara zuwa abin da marasa rinjaye za su iya tarawa, a kuma mayar da wa'adin mambobin kotun guda ɗaya mai tsawo. Duk ukun suna bukatar a taɓa aya ta 47 da ta 51, kuma aya ta 63 ta ce shawarar gyara daga shugaban ƙasa take fitowa ko daga majalisa. In daga majalisa ce, sai kashi ɗaya cikin uku na mambobin ɗaya daga cikin zaurukan biyu sun sa hannu, wato 'yan majalisar dokoki 60 ko sanatoci 34, sannan zaurukan su haɗu su amince da rinjayen fiye da rabin dukkan mambobinsu.